Gambar da ta Bushe a Iyakar Habila

A wani ƙauye an yi wani magidanci mai suna Habila, wanda ya shuka ciyawa a ƙofar gidansa. Ku ji da kyau, shuka ta ya yi, ba da kanta ta fito ba. Ya taɓa zama a birni shekara goma sha biyu yana gadin wata makaranta, a can ya ga yadda ake dasa ƙiri-ƙiri a fili, a riƙa aske ta har ta kwanta kamar tabarma. Da ya dawo gida sai ya yi wa farfajiyarsa haka. Mutanen gari suka yi ta dariya, suna cewa abin da kowa ke nomewa shi Habila ke yi wa ban-ruwa. Bai kula su ba.

In damina ta sauka, aikin wurin ba ya ƙarewa. Kowace Asabar da safe, da raɓa ta ɗaga, sai ya wasa langalangarsa, wato siririyar addar nan ta yankan ciyawa. Ya kafa turaku biyu, ya ja igiya a tsakaninsu don kada layi ya karkace, sa'an nan ya sunkuya ya bi yana sara. Ya cike ramuka da ƙasa don kada ruwa ya kwanta sauro ya sami gida. Ya datse rassan darbejiyar da ke bakin hanya. Babu akuyar da ta isa ta sa ƙafa a wurin.

Maƙwabcinsa na gabas sunansa Nomau, mutum ne mai tumaki shida da ƙaramin garke. Abin da ya raba filin Habila da na Nomau layin gamba ne, wanda iyayensu suka dasa tun su biyun ba su yi wayo ba. A ƙasar nan ba takarda ke riƙe da iyaka ba, gamba ce. Da kaka a yanke ta a saƙa zana, amma ba a taɓa saiwarta. Duk wanda ya tuge gambar iyaka ko ya kashe ta, ba sai an tambaye shi nufinsa ba, kowa ya san filin ɗan'uwansa yake so ya ci.

Shekara da shekaru mutanen biyu suna zaman lafiya. Duk Asabar in Habila ya gama yanka, Nomau zai ƙetaro da buhu ya kwashe ciyawar ya kai wa tumakinsa.

"Sannu da aski, wanzamin ciyawa," in ji Nomau. "Yau ma an yi wa ƙasa ƙwal-kwabo?"

"Kwashe ka ba ni wuri," in ji Habila. "Tumakinka sun yi ƙiba da gumina, ko ƙafar rago ban taɓa gani a tukunyata ba."

Su yi dariya su rabu.

A wannan shekara ikkilisiyar ƙauyen tana neman wanda zai riƙe makullin rumbunta. Rumbun nan shi ne inda ake tara hatsin da jama'a ke kawowa na godiya da kaka, daga ciki ake ɗiba wa gwauraye da marayu in damina ta yi tsakiya abinci ya yanke. Wanda ke riƙe da makullin ya tsufa, ido ya ƙi. Dattawa suka zauna, bakinsu ya zo ɗaya a kan Nomau, suka sa ranar Lahadin da za su sanar.

Ana nan sai Murna, 'yar Habila da ke aure a wani gari, ta haihu. Rahila matar Habila ta ɗaure kayanta ranar Litinin ta tafi zaman jego. Washegari Habila ya ga gara ta fara hawa turakun dangarsa. Ya shiga zaure ya ɗauko famfon feshi, irin wanda ake goyawa a baya. Ya girgiza ya ji da ruwa a ciki wajen rabi. Ya ce a ransa ruwan ɗauraya ne. Ya tsiyaya maganin gara a kai, ya goya, ya bi gindin gamba daga wannan kai zuwa wancan yana fesawa, ya bi gefen ciyawarsa, sa'an nan ya shiga cikin gida ya kewaye rumbunsa. Ya wanke hannu, ya manta da zancen.

Bayan kwana takwas gamba ta fara ja. Kwana biyu a kan haka ta bushe ƙayau, a tsakiyar damina, alhali ko'ina kore ne shar. Gefen ciyawarsa ma ya ƙone, faɗin taku guda, tun daga bakin hanya har ƙarshen iyaka.

Habila ya tsuguna a wurin, ya daɗe. Ya murza busasshen ganye a hannu. Ya ɗaga kai ya dubi garken Nomau.

Sai ya fara tunowa. Ya tuna Asabar da ta wuce Nomau ya daɗe a bakin iyaka yana ɗaure bakin buhu, ɗaurin da bai kamata ya ɗauki wannan lokaci ba. Ya tuna watan jiya ya ji shi yana cewa garken ya yi wa tumaki kaɗan. Ya tuna ya hango shi da famfo a goye yana feshin wakensa. Har kiran wanzami da ya saba ji yana dariya, yanzu ya juya shi ya ga ashe raini ne. Ya ɗauko igiyar da yake ja wa ciyawa layi, ya auna daga gindin darbejiya zuwa gamba, ya ga kamar ta ragu da taƙi ɗaya. Bai taɓa auna wurin ba sai ran nan, amma ya tabbata ta ragu.

Ya daina fita fira. Ya sami wata kafa a jikin zana, yana leƙen abin da ake yi a gidan maƙwabcinsa. In Nomau ya fito da fartanya, ya ce ga shi nan zai ja kunya ta shigo filina. In ya fito hannu wofi, ya ce dubawa ya zo yi ko aikinsa ya ci.

Da Asabar ta kewayo Habila ya yi yankansa, ya kwashe ciyawar da kansa ya zuba a rami, ya bi ta da ƙasa. Nomau ya iso da buhunsa ya tarar da fili fes.

"Baban Murna, yau ina rabon tumaki?"

"Babu."

"To. Lafiya dai ko? Ko kewar uwargida ce ta hana ka magana?"

Habila ya shiga naɗe igiyarsa. Nomau ya juya ya dubi gambar, ya girgiza kai.

"Ni ma abin nan ya dame ni. Ban taɓa ganin gamba ta mutu da damina ba. In ba ta farfaɗo ba, sai mu kira dattawa a sake dasa wata."

"A sake dasa ta a ina?" in ji Habila.

"A inda take mana."

"Wa zai nuna inda take, bayan ta ruɓe? Kai?"

Nomau ya tsaya yana kallonsa, ya kasa gane inda zancen ya nufa. Ya naɗe buhunsa ya koma gida. Habila kuwa ya ce a ransa, ka ji, da bakinsa ya faɗa. Dama sabon dashe yake jira.

Lahadin ta zo daidai da sujadar haɗin gwiwa, ƙauyuka uku suka taru, har waɗansu na tsaye a taga. Da aka zo lokacin sanarwa, Baba Sila, shugaban dattawa, ya miƙe da makulli a hannu ya ce an amince a danƙa rumbun ikkilisiya ga Nomau. Kafin ya rufe baki Habila ya tashi.

"Baba, a gafarce ni. Ina da magana."

"Muna ji, Habila."

"Mutumin da ya zuba wa gambar iyaka magani don ya ci filin maƙwabcinsa, shi za a ba abincin gwauraye ya tsare? Ku je ƙofar gidana ku gani. Gambar da ubana da ubansa suka dasa, ya kashe ta."

Nomau ya miƙe a hankali.

"Baban Murna, ka gan ni?"

"Ba sai na gan ka ba. Wa zai amfana in ba kai ba?"

"Allah ya sani ban taɓa ta ba."

"Allah ya sani, ni ma na sani."

Baba Sila ya mai da makullin aljihu, ya ce a dakata sai an bincika. Aka yi addu'a aka tashi. Baƙi suka koma ƙauyukansu da labarin.

A cikin makon nan duk wanda ya haɗa iyakar gona da Nomau sai da ya je ya duba gambarsa. Wani ya kakkafa duwatsu a tasa. Wani da suka shekara ashirin suna gayya tare ya aiko cewa bana ya sami hannu. In Nomau ya yi sallama a majalisa, a amsa a taƙaice, a koma kallon ƙasa.

Ranar Jumma'a Rahila ta dawo. Tun a mota ta ji labarin. Ta ajiye kaya, ta kewaya bayan rumbu don ta tsinko yakuwar miya. Yakuwa da kuɓewar da ta shuka a wurin duk sun bushe, sun yi ja irin jan gambar waje. Ta tsaya. Wurin nan cikin gida ne, bayan danga, Nomau bai taɓa sa ƙafa a nan ba. Ta wuce zaure ta ɗaga famfo ta ji shi wayam.

"Maigida, ina maganin da na bari a cikin famfon nan?"

"Wane magani? Ruwa na tarar."

"Maganin ciyawa ne. Na fesa wa gefen gonar shinkafa ana jibi zan tafi, ya ragu, na ce ba zan zubar ba sai na dawo in ƙarasa. Me ka yi da shi?"

Rahila ta ajiye famfon.

"Zo ka ga yakuwata," in ji ta.

Ya bi ta. Ya ga yadda ƙunar ta kewaye rumbu, ta bi ta bakin ƙofa, daidai inda ƙafarsa ta bi ran Talata. Ya zauna a kan turmi.

"Me ya sa ba ki faɗa mini kin bar magani ba?"

"Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ba ni na tashi a gaban ƙauye uku ba. Jibi Lahadi. Ka san abin da za ka yi."

Ranar Asabar Habila ya yi yanka, ya cika buhu da ciyawa, ya kama zabuwa ɗaya. Bai bi ta ƙofar gida ba. Ya kewaya ta baya, ya sami Nomau shi kaɗai yana share garke. Ya faɗa masa yadda aka yi, murya ƙasa-ƙasa, yana waige.

"Ka yi haƙuri, maƙwabci. Sharrin Shaiɗan ne. Ga wannan a yi wa iyali miya, a bar zancen a tsakaninmu."

Nomau ya jingina tsintsiya.

"Na yafe maka, Baban Murna, tsakanina da Allah. Amma zancen ba a tsakaninmu yake ba. Da a nan ka faɗa, da a nan ya mutu. Mai da zabuwarka. Gobe in an ce wa ke da sanarwa, ka tashi."

"Haba, Nomau. Da furfurata? In ce ni na kashe gambar ubana da hannuna? Ai sai a mai da ni abin dariya har in mutu."

"Ni fa? Me aka mai da ni?"

Habila ya ajiye buhun ciyawa ya tafi da zabuwarsa.

Ran Lahadi aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rabin jama'a ba su fito ba, baƙi kuwa babu ko ɗaya. Da aka zo sanarwa Baba Sila ya ce, "Akwai mai magana?" Habila ya sunkuyar da kai yana gyara maɓallin riga. Baba Sila ya sake tambaya. Habila bai tashi ba. Sai Rahila ta miƙe daga ɓangaren mata, ta faɗi komai, tun daga maganin da ta bari har yakuwar bayan rumbu.

"Habila, haka ne?" in ji Baba Sila.

"Ai na riga na ba shi haƙuri jiya," in ji Habila, yana zaune.

"A bayan garke," in ji Nomau. "Tumaki shida ne shaidu."

Baba Sila ya ciro makullin ya miƙa masa. Nomau ya dubi kujerun da babu kowa, ya dubi Habila, bai miƙa hannu ba.

"Na gode, Baba. Na gode, Maman Murna. Amma ku ba wani. Waɗanda suka ji wancan zancen sun fi waɗanda suka ji wannan yawa. Ranar da mudu ɗaya ya ɓace a rumbun nan, na san sunan da za a fara kira."

Aka ba wani mutum dabam makullin.

To, ga fassarar misalin nan, kada wani ya ce bai gane ba.

Farfajiyar Habila ita ce rayuwar da muke gyarawa don idon mutane. Ba laifi ba ne mutum ya tsabtace ƙofar gidansa, ya zo sujada a kan lokaci, ya sa tufafi masu tsabta. Amma mutum yana iya ja wa ciyawa igiya don kada ta karkace da yatsa ɗaya, ya bar harshensa yana sara ko'ina ba awo.

Famfon da ba a wanke ba zuciya ce. Abin da ya kwana a ciki, tsohon haushi ne ko girman kai ko tsoron kada a raina mu, shi muke fesawa muna tsammani ruwa ne. In ɓarna ta bayyana sai mu ɗaga kai mu nemi gidan da ya fi kusa. Ku lura, duk abin da Habila ya tuno gaskiya ne. Nomau ya daɗe a bakin iyaka, ya ce garkensa ya yi kaɗan, ya goya famfo. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma ba shaida ko ɗaya. Haka zato yake aiki. Ba ya bukatar ƙarya, gaskiya ƙanana yake tsincewa ya jera su yadda yake so. Tambaya ɗaya ce Habila bai yi ba: ni me na yi a wurin nan a makon jiya? Mutumin da ya auna fili da igiya bai taka zuwa bayan rumbunsa ba.

Amma ba zaton ne ya fi ɓata mini rai ba, domin kowa na iya kuskure. Abin da ya biyo baya ne. Habila ya yi zargi a tsaye, ya ba da haƙuri a ɓoye. Ya ɓata suna a gaban ƙauye uku, ya zo gyara a gaban tumaki. Wannan ba tuba ba ce. Neman kwanciyar rai ne a farashi mai sauƙi, kuma Ubangiji ba ya karɓarsa. Kada kuma wani ya ce ai Nomau ya yafe, magana ta ƙare. Yafewa aikin wanda aka cuta ne, ya kuwa yi nasa. Mayar da abin da aka ƙwace aikin wanda ya yi cutar ne. Wanda ya ɗauki akuyar mutum, ba ya cewa yi haƙuri akuyar tana ɗaure a gidansa. Suna ya fi akuya. Me ya sa muke ganin shi ne za a ɗauka a ƙi mayarwa?

Kada kuma mu da muka zauna muka ji mu wanke hannunmu. Wanda ya je ya kafa duwatsu a iyakarsa, da wanda ya janye daga gayya, da waɗanda suka kai labarin ƙauyukansu ba su koma da gyaransa ba, kowannensu akwai abin da zai mayar. Dattawa ma sun ce sai an bincika, mako guda cur ba wanda ya taka ya duba. Mace ɗaya da ta je tsinkar yakuwa ta gama binciken kafin ruwan miya ya tafasa. Asarar kuwa ba a kan Nomau kaɗai ta tsaya ba. Gwauraye sun rasa amintaccen mai tsaron abincinsu saboda wani yana jin kunyar furfurarsa.

Na san a cikinmu akwai waɗanda suka daina zuwa taro, suka ajiye aikin da suke yi wa ikkilisiya, muka ce sanyin bangaskiya ne. Ba sanyin bangaskiya ba ne. Magana aka faɗa a kansu, daga baya aka gane ba haka ba ne, aka yi shiru. Ba zan kira suna ba, masu abin sun san kansu. Abin da nake nema a madadinsu ba zabuwa ba ce, ba kuma gaisuwa da fara'a a bakin hanya ba. Ka koma inda ka faɗa, a gaban waɗanda suka ji, da irin muryar da ka faɗa, ka ce, "Abin da na faɗa a kan wane ba gaskiya ba ne, ni na yi kuskure." In maganar ta ƙetare zuwa wani gari, ka bi ta da ƙafarka. Kada ka jira matarka ta tashi a madadinka, kada ka jira ranar da ruwa zai rage maka shaidu.

Za a yi maka dariya, ban ɓoye maka ba. Ta kwana biyu ce. Ɗan'uwanka kuwa ya daɗe yana ɗauke da abin da kai ka ɗora masa, kuma ba mai iya sauke masa sai kai.